Yadda Za Ka Zaɓi Kibod Na Makanikal Mai Sauƙin Kuɗi Don Buga Gem

Kafin ka tambayi farashi, ka sa mai shago ya cire maka hular maɓalli ɗaya. A nan ake yi wa sababbin shiga sakiyar da ba ruwa: su ga fitilu kala-kala suna walƙiya, su ji ɗan ƙas-ƙas, su biya, alhali shimfiɗar roba ce a ƙasa irin ta kibod ɗin ofis. Na makanikal na gaskiya kowane maɓalli da suwic ɗinsa, wato ɗan injin da ke da sifirin a ciki, kansa kuma mai siffar alamar +. In ba ka ga wannan ba, ajiye.

Sai ka duba launin kan suwic ɗin. Ja shi ne na gem. Yana tafiya sumul ba tangarɗa, nauyin kusan giram 45 ya ishe shi, kuma yana aika saƙo tun a milimita 2 cikin 4 da yake nutsewa. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya, ya dace da wanda zai haɗa gem da rubutu. Shuɗi kuwa shi ne ke ruɗar mutane a shago saboda daɗin ƙararsa, amma kada ka saya. Sai ka ɗaga yatsa sosai kafin ya karɓi dannawa ta biyu, ƙarar tana shiga makirufo ta dami abokan wasanka, ga mutanen gida in dare ya yi.

Kada sunan Cherry ya ɗaga maka hankali. Kamfanin Jamus ne da ya fito da suwic samfurin MX, amma tun da kariyar ƙirarsa ta ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu ke yin irinsa a kan kuɗi kaɗan. Gateron ya fi santsi, Outemu ya fi araha, duka za su yi maka aiki.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kalmar hot-swap a jikin kwali. Mai buga gem W da A da S da D yake azabtarwa, su ne ke fara mutuwa, ko su riƙa bugawa sau biyu a danni ɗaya, musamman in ƙurar hunturu ta shiga ciki. In an like suwic da dalma, sai ka nemi mai gyara ya kwance kibod ɗin gaba ɗaya saboda maɓalli guda, da yawa ma jefar da shi suke yi. In hot-swap ne, ɗan ƙarfen cirewa za ka sa ka zare wanda ya lalace, ka dasa sabo cikin minti ɗaya. Amma ka tambaya wane irin rami ne ƙafafun suwic ɗin ke shiga. Ramin Outemu matsattse ne, ƙafar Gateron ko Cherry ba ta cika shiga ba, in ka tilasta sai ta lanƙwashe. Wanda ke karɓar suwic mai ƙafa 3 da mai ƙafa 5 shi ne na saye, ko da za ka ƙara wani abu a kan kuɗin. Ka rage daga fitilu, ka ƙara a nan.

Girma kuma, mai maɓalli 87 irin Redragon K552 nake ba da shawara, domin cire ɓangaren lambobi na dama yana ba mawus fili. Mai 61 irin RK61 na Royal Kludge yana da kyau a ido, sai dai kibiyoyi da layin F duk sai ka haɗa da maɓallin Fn. Mai 104 na masu lissafi ne.

Ka sayi mai waya, in son samu ne wadda ake cirewa ta USB-C. Bluetooth yana da jinkirin da za ka ji a gem na harbi. In dole sai mara waya, to mai ɗan makali na 2.4GHz da ake sokawa a ramin USB. Hular da aka yi da robar PBT ta fi ta robar ABS jure gogewa, amma wannan ana iya canjawa daga baya.

Kafin kuɗi ya bar hannunka, a jona shi da kwamfuta, ka buɗe shafin gwajin kibod a intanet, ka danne W da A da Shift da Space lokaci guda ka ga duk sun fito, sannan ka bi sauran maɓallan ɗaya bayan ɗaya.