Shawara ga masu tsohuwar mota ƙirar MGB: kwantak ko na lantarki?

Jama'a, in yawon gari za a yi da ita ba tsere ba, a bar distiributa ɗinta na asali, Lucas 25D, a cire kwantak da kwandensa kawai a sa Pertronix Ignitor, wato na'urar lantarki da ke maye gurbin kwantak. An huta da gyaran tazarar kwantak ke nan.

Amma kafin ku saya, ku duba wayar batir da aka ɗaure a jikin mota. MGB ɗin da aka ƙera kafin ƙarshen 1967, wayar fozitif ce aka ɗaure a jikinta, ba negatif ba, kuma kowane iri da nasa Ignitor. Koyil ya zama mai ohm 3, ƙasa da haka zai iya ƙona Ignitor ɗin.

Kada bakanike ya toshe muku tiyon bakum na distributa, shi ke rage shan mai. Tsohon kwantak kuwa a ajiye shi a but, saboda tsaro.