Kurakuran masu tara tsofaffin takardun wiski na likitocin Amurka

Daga 17 ga Janairun 1920 zuwa 5 ga Disamban 1933, sayar da barasa haramun ne a dokar Amurka, amma an bar wa likitoci ƙofa: suna iya rubuta wa majinyaci wiski a matsayin magani, kusan rabin lita duk kwana 10. Waɗannan takardun ne yanzu ake tarawa a matsayin kayan tarihi, kuma sabon shiga yakan sha ƙasa.

Babban kuskure shi ne neman takarda fes, ba tabo ba lahani. Takardar da aka yi aiki da ita ta bi hannuwa. Likita ya cike ta da alƙalami, sau da yawa ya rubuta "Spiritus Frumenti", wato wiski da Latin, mai kantin magani ya soke ta, ya sa hannu da kwanan wata, sannan ya tsire ta a ƙarfen ajiya. Wannan ƙaramin ramin da kake ƙyama shi ne shaidarta. Wadda ta fito fara tas kamar jiya aka buga, a yi mata kallon tsanaki. Ɗauko madubin ƙara girma: tawadar alƙalami takan yi kauri nan, ta dusashe can, ta kwafi kuwa ɗige-ɗige ce. Ɗaga ta ga haske, domin fom ɗin da likitoci ke cikewa, na Ma'aikatar Baitulmali mai lamba 1403, a takarda mai alamar tsaro aka buga shi.

A duba shekara ma. In ta fita daga 1920 zuwa 1933, zance ya ƙare.

Wasu kuma babban suna ke ruɗarsu. Wasiƙar shaidar buƙatar shan barasa da likita Otto Pickhardt ya rubuta wa ɗan siyasar Birtaniya Winston Churchill a 1932, bayan mota ta buge Churchill ɗin a New York, gaskiya ce, amma kwafinta ya cika intanet. Wanda ya ce zai sayar maka da ita a araha, ka san inda aka dosa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne lamineshan. Mutum ya samu takarda mai kusan shekara 100, ya kai a liƙe ta da roba mai zafi wai don ta daɗe! Ba ta sake fitowa, darajarta kuma ta zube. Salatef ma haka, ƙyale yagewar yadda take. Sa ta a ambulan marar asid, a kwance, nesa da rana da laima. In bango kake son ƙawatawa, rataya hotonta.