Yadda Za Ka Sa wa Wayarka Ƙara da Hoton Gem ɗin Da

Sautin tsofaffin gem, irin su Super Mario Bros. na 1985 ko Contra, ya dace da ƙaramar sifikar waya. Na'urar Nintendo ta lokacin siririyar ƙara take fitarwa mai kaifi, shi ya sa ko a tsakiyar kasuwar Wudil ranar Juma'a za ka ji kira. Sai dai ka zaɓi wurin da siririn sautin ya fi yawa, don kaurin da ke ƙasa ba ya fita a waya.

Samo sautin ba wuya. Akwai shi a manhajar Zedge, ko wani ya tura maka ta Xender idan ana tsimin data. MP3 ko OGG za ka nema. Duk wanda ya ba ka fayil mai APK a ƙarshen sunansa, wato manhaja ce ba sauti ba, ya ce ringin ne, kada ka buɗe, musamman idan ya nemi izinin karanta saƙonninka, inda lambobin banki ke shigowa.

Yanke shi da manhajar yanka sauti: daƙiƙa 20 zuwa 30 na kira, 1 ko 2 na saƙo. Ƙarar tsintar kwabo ta Mario ta yi wa saƙo daidai.

Wurin ajiya ne ke ba mutane matsala. Buɗe File Manager, ka shiga ma'ajiyar wayar kanta. Na kira ka kai shi Ringtones, na saƙo Notifications, na tashi daga barci Alarms. In babu fulda mai sunan, ƙirƙire ta da haruffan daidai. Daga nan sai Settings, Sound, ka zaɓa. Idan bai bayyana ba, kashe wayar ka kunna. Kada ka bar shi a memori. Da katin ya motsa, ko ka cire shi a tura maka karatu, waya za ta nemi fayil ta rasa, ta koma ƙararta ta kamfani. Haka ma wanda ya zauna a fuldar WhatsApp, ranar share tarkace zai bi su.

Hoton fuskar waya kuwa sai da lissafi. Allon Game Boy, ƙaramar na'urar gem ta hannu, ɗigo 160 ne a faɗi, 144 a tsayi, na Nokia 3310 mai macijin nan 84 da 48, alhali yawancin Tecno da itel masu sauƙin kuɗi faɗinsu 720 ne. Idan waya ce ta ja hoton da kanta, sai ya yi dishi-dishi. Ninka shi da cikakkiyar lamba a manhajar da ke da zaɓin Nearest Neighbor, mai ƙara girman ɗigo ba tare da dishi-dishi ba: na Game Boy sau 4 ya zama 640 da 576, na Nokia sau 8 ya zama 672 da 384. Ɗora shi a kan baƙin shafi mai girman allonka, ka adana a PNG. Wajen turawa ta WhatsApp a zaɓi Document, in ba haka ba zai matse shi.

Hoto mai motsi yana shan batir, a garin da sai an kai caji shago bai cancanta ba. Baƙin hoto kuma a allon AMOLED, wanda ɗigonsa ke mutuwa a inda hoto yake baƙi, kawai yake rage cin batir.

Kafin ka shiga masallaci, danna maɓallin murya ka mayar da wayar shiru.