Yadda ake duba idon bakwaini ta hoto kafin a yi arba'in

Ranar da aka fito da bakwaini daga kwalba, dangi sai hamdala. Ya fara kama nono, ya ɗan yi kumari, a ganinsu an tsallake siraɗi. Mu da muke aiki a ɗakin jarirai kuwa hankalinmu na kan idonsa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da tantanin bayan ido suna fara tsirowa ne ciki yana wata huɗu, kuma ba sa gama yaɗuwa sai dab da haihuwa. In yaro ya zo da wuri, aikin ya tsaya a rabi ke nan. Iskar oksijin da ta ceci ransa, in ta yi yawa ba a auna ba, sai ta ƙara dagula tsiron: jijiyoyin su fito barkatai, su yi ta jan tantanin har ya ɓalle daga mazauninsa. Likitoci suna kiran ciwon ROP. Daga waje ido garau yake, ba ja ba kwantsa. Ranar da uwa ta hangi fari a tsakiyar ƙwayar, yawanci bakin alƙalami ya bushe.

A Kano muna da likitocin ido, a Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin ido na ECWA da sauransu, amma bakwainin suna warwatse ne a ɗakunan jarirai da yawa, kuma ba kowane likitan ido ne ya saba da leƙa idon jinjiri ba. Dabarar ita ce jariri ya zauna inda yake, hoton idonsa ya tafi wurin likita. A jihar Karnataka ta Indiya tun 2008 shirin KIDROP yake yin haka: ma'aikatan da ba likitoci ba ne, an horar da su, suna yawo da kyamara asibiti-asibiti, ƙwararru suna karanta hotunan ta intanet.

Farko a tantance wa za a duba. Amurka tana duba wanda aka haifa ciki yana mako 30 ko ƙasa da haka, ko wanda bai wuce kilo 1.5 ba. Indiya ta faɗaɗa zuwa mako 34 da kilo 2, don a ƙasashen da auna oksijin bai wadata ba ciwon yana kama har manyan jarirai. A ganina yanayinmu ya fi kama da nasu. Likitan yara ne mai yanke hukunci, amma uwa ta tambaya kafin sallama: mako nawa aka rubuta masa, kilo nawa, ya sha oksijin?

Sai a sa rana, kuma nan ne gizo ke saƙa. Dubawar farko tana faɗowa wajen mako huɗu da haihuwa, kada a wuce kwana 30. Wato tsakiyar jego, lokacin da mai jego ta tafi wankan gida, wataƙila a Gwale, wataƙila can Bichi. Na sha jin kaka tana cewa, "Haba Sista, a bari mana a yi arba'in tukuna." Amsata ba ta canzawa: "Hajiya, ido ba ya jiran arba'in." Shi ya sa nake rubuta ranar a katin yaro da jan biro, in karɓi lambar maigida da ta kakar, don ita ce mai ba da izinin fita.

Ranar dubawa, a shayar da shi da wuri, a bar kamar awa ɗaya tsakanin nono da hoto saboda amai. Ana ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, a jira minti 30 zuwa awa guda. Kada a sa masa kwalli ran nan. In ƙwayar ta buɗe, sai a naɗe shi tsaf a zani, hannuwa a ciki, ma'aikaciya ɗaya ta tallafe kansa da tafukanta biyu. A ɗiga maganin kashe zafi, a sa ɗan ƙaramin ƙarfe ya riƙe fatar ido. Zai tsala kuka, fuskar ta yi jajir, uwa ta kau da kai. 'Yan mintoci ne. Kyamara irin RetCam ana shafa mata man ido ne a ɗora bakinta a hankali kan ƙwayar, a ɗauki tsakiya, sama, ƙasa da gefe biyu, kowane ido daban. A allon kwamfuta za ki ga faifai mai ruwan lemo, jajayen jijiyoyi sun bazu a kansa kamar saiwar albasa. Inda babu kuɗin wannan na'ura, wasu suna haɗa kyamarar waya da madubin likitan ido na hannu. Yana taimakawa, sai dai ba ya kai wa lungunan gefe sosai, kuma can ne ciwon yake fara ɓuya.

Daga nan a tura. Hoto shi kaɗai bai isa ba. A haɗa da makon haihuwa, nauyi, kwanakinsa a yau, da tsawon zamansa kan oksijin. A tura wa likitan da aka yi yarjejeniya da shi kai tsaye, da lambar kati maimakon suna. Zaurukan WhatsApp na ma'aikata ba wurin idon ɗan mutane ba ne. In hoton ya yi dishi-dishi a sake, kada a ce likita ya yi kintace.

Amsa iri uku ce. Ko jijiyoyi sun kai ƙarshe, an sallame shi. Ko a dawo bayan mako ɗaya ko biyu, kuma wannan ta fi yawa, don galibin ciwon yana lafawa da kansa in ana bibiya. Ko kuma likita ya ga jijiyoyin sun kumbura sun murɗe, ya ce a kawo shi. To wannan ba a kwana a kanta: cikin kwana biyu zuwa uku ake so a yi aiki, da hasken leza ko da allurar da ake yi a cikin ido. Saboda haka tun kafin a ɗauki hoton farko, ɗakin jarirai ya san asibitin da zai karɓi yaron, maigida kuma ya san kuɗin mota da wanda zai raka mai jego.