Yadda ake bin diddigin tarihin ƙauye a Ingila

Duk mai son sanin tarihin wani ƙauye a Ingila, ya fara gano gundumar cocin da ƙauyen yake ciki. A da, gundumar ce ke rubuta suna, aure da jana'iza, ita ke ciyar da matalauta, har gyaran hanya nata ne. In ka sami sunanta, rabin aikin ya ƙare.

Daga nan ka shiga shafin British History Online ka duba Victoria County History, aikin rubuta tarihin lardunan Ingila da aka soma a 1899, wanda ke bin gundumomi ɗaya bayan ɗaya. Bai gama ƙasar ba har yau, amma inda ya kai zai nuna maka yadda filin ƙauyen ya riƙa fita daga hannun wannan gidan sarauta zuwa wancan. Ka kuma nemi sunan ƙauyen a kundin Domesday na 1086, ƙidayar da Sarki William ya sa aka yi, mai nuna mai fili, garmuna da injinan niƙa.

Inda zan so ka fi daɗewa shi ne rajistar coci. A 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya umarci limaman coci su riƙa rubuta baftisma, aure da binnewa, a 1598 kuma aka ce a koma rubutu kan fata, a riƙa aika wa bishop kwafi. Saboda haka in ka tarar beraye ko danshi sun cinye asalin, kada ka karaya, nemi kwafin bishop. Yawancinsu suna ma'adanar tarihi ta lardi. A rajistar ne talaka ke da suna, maƙeri da makiyayi a shafi ɗaya da mai gidan sarauta, abin da ya sa nake ganin rajistar ta fi kowace takarda daraja. Sai dai a kula da kwanan wata: kafin 1752 shekara na farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka abin da aka rubuta Fabrairu 1700, a lissafinmu 1701 ne. Tsofaffin shafuka da dama kuma da Latin suke.

Taswirorin ushirin coci, waɗanda aka zana bayan dokar ushiri ta 1836, tare da jadawalin da ke haɗe da su, suna nuna kowace gona da mai ita da mai noma ta. Haɗa su da ƙidayar jama'a ta 1841, za ka ga wanda ke zaune a kowane gida.

Game da tsofaffin gine-gine, jerin intanet na Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, yana da bayanin kowane ginin da doka ta kare. Amma in da hali, ka taka ka shiga cocin da kanka. Kwafi rubutun kaburburan manya da tambarin gidajensu a littafinka, ka ɗauki hoto, sannan ka gwada shekarun da na rajista.