Kurakuran da aka fi yi game da tarin shiƙa

Tarin shiƙa, wanda wasu ke kira tarin lala, yana farawa ne tamkar mura: majina tana zuba, ana atishawa, jiki ya ɗan yi ɗumi, tarin kuma bai taka kara ya karya ba. Kuskuren farko shi ne jiran a ji wannan shiƙar mai ƙara da yaro ke ja bayan tari ya sarƙe shi, kafin a yarda cewa cutar ce. Shiƙar ba ta bayyana sai bayan mako ɗaya ko biyu, alhali a waɗannan kwanakin na farko ne ƙwayar cutar, Bordetella pertussis, ta fi saurin bin iska daga bakin mai tari zuwa hancin na kusa da shi. Daga kamuwa zuwa fitowar alamu yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10, wani lokaci har 21.

Jariri kuwa sau da yawa ba ya shiƙar sam. Abin da uwa za ta gani shi ne numfashinsa ya tsaya na ɗan lokaci, leɓɓansa su yi duhu, ya saki nono, ko ya amayar da abin da ya sha. Duk jaririn da aka ga haka a tare da shi, asibiti ya dace a nufa da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Babban kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne ɗaukar cutar a matsayin ta yara kaɗai. Garkuwar da riga-kafi ke bayarwa tana raguwa da shekaru, haka ma wadda ake samu bayan an yi cutar, saboda haka magidanci ko kaka za su iya shafe makonni suna fama da busasshen tari, ana ɗora laifin a kan hunturu da ƙura. A ranar suna jaririn kwana bakwai yana yawo daga hannu zuwa hannu a ɗakin da aka rufe tagoginsa don gudun sanyi, kowa na kusantar da fuskarsa don sa albarka, alhali ba a yi masa allurar Penta ta farko, wato riga-kafin da ke kare yara daga wannan cutar, sai ya cika mako 6. Ba rashin kunya ba ne maijego ko uwarta su ce wa mai tari ya yi barka daga bakin ƙofa.

Allurar Penta sau uku ake yinta, a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma tana kariya daga mashaƙo, cutar da ta yi ɓarna a Kano a 2023. Iyaye da dama suna tsayawa a ta farko saboda yaron ya kwana da zazzaɓi ko cinyarsa ta kumbura, abin da kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan an tsallake lokaci, ba a komawa farko. A ɗauki katin a koma, za a ɗora daga inda aka tsaya.

Wajen magani, ruwan maganin tari na kemis ba ya taɓa ƙwayar cutar, kuma kai yaro wurin wanzami a cire masa beli ƙarin rauni ne a maƙogwaron da ya riga ya wahala. Zuma ma ba a ba yaron da bai shekara ba. Maganin da likita ke rubutawa, irin su azithromycin, yana hana yaɗuwar cutar bayan kwana 5 ana sha, amma idan an fara shi a makare ba zai yanke tarin ba, wanda kan kai wata biyu ko uku. Wannan ne ke sa wasu su ce maganin bai yi ba su watsar da shi a kwana na biyu, yaron ya koma makarantar allo yana tari cikin sa'o'insa. Wanda bai sha magani ba yana iya harbin wasu har mako uku daga fara tarin, don haka likita kan rubuta wa sauran mutanen gidan ma, musamman idan akwai jariri ko mai tsohon ciki.