Kafin ka biya kuɗin agogon nutso na hannu

Abin da ya raba agogon nutso da sauran agogo shi ne hana ruwa shiga, kuma shi ne abin da ba ya fitowa a hoto. Mai sayarwa zai turo maka hotuna a WhatsApp, ga kwali, ga kati, ga sarƙa tana walƙiya. Duk wannan bai gaya maka ko robar da ke ƙarƙashin murfin baya ta bushe ba. Kwali da kati kuwa ana sayar da su daban a intanet, har da na jabu, saboda haka ni a ƙarshe nake duba su.

Fara da rubutun fuska. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 6425, wadda ta ce agogon nutso sai ya jure zurfin aƙalla mita 100, ya nuna lokaci a cikin duhu, ya kuma sami abin auna mintunan da mutum ya yi a ƙarƙashin ruwa. Seiko da Citizen kan rubuta "Diver's 200m" a kan waɗanda suka cika wannan sharaɗi. Rolex ba ya yin wannan rubutu a kan agogonsa na nutso mai suna Submariner, nasa gwajin yake yi, don haka rashinsa a can ba aibi ba ne.

Daga nan ka kama zoben da ke kewaye da gilashi, wanda shi ne abin auna mintunan, ka juya. Hagu kawai ya kamata ya tafi. Dalili shi ne, in ya bugu da wani abu a cikin ruwa ya goce, zai nuna wa mai nutso ya daɗe fiye da yadda ya yi, sai ya fito da wuri, iskarsa ba ta ƙare ba. In ka ji zoben yana komawa dama, ko yana lilo a ƙarƙashin yatsanka, akwai magana. Na Submariner na zamani da na Seiko SKX007 duk ƙas-ƙas 120 suke yi a zagaye ɗaya. Ka ƙirga, ba kunya a ciki.

Zan daɗe a kan SKX007, don shi ne wanda yawancinmu za mu iya saya, kuma ina ƙaunarsa. An fara shi a 1996, aka daina wajen 2019, shi ya sa yanzu kusan duk wanda ka gani na hannu ne. Matsalarsa ba ta jabu zalla ba ce, haɗe-haɗe ne: jiki na asali, fuska ta kasuwa, hannaye daga wani agogon. A murfin baya za ka ga 7S26-0020, inda 7S26 ke nufin nau'in injin, da hoton igiyar ruwa. Lambar siriyal ɗinsa guda shida ce, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata, inda O da N da D ke nufin Oktoba, Nuwamba da Disamba. Amma 7 na iya zama 1997 ko 2007 ko 2017. Abin da zai warware maka shi ne harafin da ke jikin injin: 7S26A ne na farko, B ya zo wajen 2006, C wajen 2011. In siriyal da injin ba su dace ba, an taɓa shi.

Ga gwajin da na fi so. Kwance maɓallin saiti, wanda yake wajen ƙarfe huɗu, ka ja shi waje gaba ɗaya kana kallon hannun sakan. A injin 7S26 ba ya tsayawa, kuma ba a wana shi da hannu, sai dai a girgiza. In hannun sakan ya tsaya cak, an sauya injin, galibi da NH36. Injin kirki ne, amma agogon ya tashi daga na asali, dole kuɗin ya sauka. Da za ka mayar da maɓallin, ka saurari yatsunka: ya kamata ya ɗauru lami lafiya. In yana ƙarzawa ko yana zamewa, zaren ya cinye, kuma ta nan ruwa ya fi shiga.

Haska fuskar da fitilar waya na ɗan lokaci, ka rufe ta da tafin hannu. Hannaye da ɗigogi su yi haske iri ɗaya. In launi ya bambanta, an canza wani. Tsofaffin Rolex masu rubutun "T<25" a ƙasan fuska daban ne, sinadarin tiritiyom da ke sa su haske ya riga ya mutu, wanda ya haska sosai shi ne abin zargi.

Submariner, wanda ya fito tun 1953, jabunsa sun yi kyau ƙwarai yanzu. Gilashin ƙara girman kwanan wata mai ninki biyu da rabi, da ɗan kambin Rolex da ake zanawa a gilashi wajen ƙarfe shida, duk masu jabu sun iya su. Kada ka dogara da idonka. Ka kai shi wurin mai gyaran agogon da kai ka zaɓa, ya buɗe baya a gabanka ya duba injin, wanda a na zamani mai kwanan wata 3135 ne ko 3235 gwargwadon shekararsa, ya nemi tsatsa. Ka kuma bincika lambarsa a The Watch Register, inda ake ajiye bayanan agogunan sata. Mai sayarwar da ya ƙi a buɗe, ka yi masa sallama.

In kun daidaita, sa a canza robobin murfi da na maɓalli, a gwada shi a na'urar matsin iska kafin ya taɓa ruwa. Zafin ƙasarmu da bushewar hunturu suna saurin taurara roba, kuma wanda ke alwala da agogo a hannu sau biyar a rana yana jiƙa shi fiye da mai nutson da ke shiga teku jefi-jefi. Ka cire kuɗin wannan aikin daga farashi tun wajen ciniki.